Cinikin Baka a Ƙasar Gaya da Ajingi

Jawabi ga maharba da masu sha'awar harbi

 Ina gai da dattawan da ke zaune nan gaba, ina gai da Sarkin Baka da mutanensa, da waɗanda suka yi sammako daga Kademi da Gafasa da Balare, suka bar aikin gabansu suka zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi muku magana a kan cinikin baka. Da aka faɗa mini haka sai na yi dariya, na ce, ashe har yanzu da sauran mai son ji? Gama yaron zamani in ka ce masa baka, sai ya zaci maganar baka ka ke nufi, watau wadda ba a rubuta ba. To, ni bakan itace na ke nufi, mai tsirkiya, abokin kwari, wanda kakanninmu suka tsare garuruwan nan da shi, suka kuma ci nama da shi. Ni ba masassaƙi ba ne, ban kuwa gaji harbi ba. Mai saye ne ni. Na sayi baka nagari, na sayi mugu, mugun kuwa shi ya fi koya mini hankali. Ga tabonsa nan bisa girata ta hagu, wanda ke kusa ya duba. Zan zo ga labarinsa.

Ku mutanen Gaya ba baƙin kibiya ba ne. Labarin da aka gada tun kaka da kakanni ya ce, wani maƙeri ne, sunansa Kano, ya tashi daga Gaya yana neman tama, har ya sauka gindin Dala, zuriyarsa kuwa su a ke kira Abagayawa. Duk inda a ke narka tama, ai nan a ke ƙera kibiya. A cikin tarihin sarakunan Kano an ce Sarki Kanajeji, wanda masana suka lissafa sarautarsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. To, ku tambayi kanku, me zai sa a naɗe doki da mahayinsa cikin tufar auduga mai kauri, a zafin ƙasar nan, in ba tsoron ɗan baka ba? A Tabkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, suka tare rundunar Yunfa Sarkin Gobir da barade masu lifidi, suka kore ta. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, daga 1855 zuwa 1882, Ningawa sun sha kawo hari ƙasar Kano ta kudu maso gabas, su ma abin da a ke tsoro a hannunsu kibiya ce mai dafi. Har ranar yaƙin Burmi, 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, Baturen da ya jagoranci sojan Ingila, Manjo Marsh, kibiya ce ta kashe shi. Daga nan dai bindiga ta karɓe fage, baka ya koma daji wurin maharba da makiyaya.

Wa ke sayen baka yanzu? Akwai maharbi, ko da ya ke bindigar toka ta raba masa hankali. Akwai Bafillace mai kiwo, da mai gadin gona ko rumbu. Akwai 'yan bakan da ke rakiyar sarki ran hawan Salla. Akwai baƙo mai neman abin ratayewa a bango, wanda ya kan tafi Kasuwar Kurmi a Kano. Sa'an nan ga irina, da irin samarin nan da na ke gani can baya, waɗanda ba yunwa ta kai su ba, sha'awa ce kawai, su kafa tsohuwar ƙwarya a gindin ganuwa su yi ta gwada hannu da la'asar. Waɗannan mutane ba abu ɗaya su ke nema ba, amma da yawa a kan sayar musu da abu ɗaya. Nan cuta ta ke shiga. Bakan ado, wanda aka yi wa tuntu da jan fata don idon baƙo, ba laifi ba ne in an sayar da shi da sunan ado. Laifi shi ne a miƙa shi ga mai niyyar ja.

Ku lura, kwari da baka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Masassaƙi ya fere itace da gizago, ya kankare da wuƙa. Majemi ya ba da fata, a yanka ta siririya, a murɗa, a miƙe ta har ta bushe, ta zama tsirkiya. Maƙeri ya ƙera ƙarfen kibiya, da kunne ko ba kunne. A yanko kyauro a fadama, a busar, a gasa shi a miƙe, a soka ƙarfen a ciki, a ɗaure wuyan da jijiya don kada ya tsage. Baduku ya ɗinka kwari. Sabo da haka in mai saye ya taya kuɗin goro, ya sani mutum huɗu ko biyar ya raina. Maharbi na ainihi ya kan yi rabin aikin nan da hannunsa, shi ya sa ba safai ya ke son rabuwa da bakansa ba, shi ya sa kuma baka nagari ba ya yawan zama a rumfar kasuwa. A zaure a ke cinikinsa, tsakanin wanda ya sani da wanda aka sani.

Yanzu sai maganar itace, nan kuwa zan daɗe, gama duk cinikin a kansa ya ke. Ba kowane itace ke yin baka ba. Wani yana da ƙarfi ba ya lanƙwasuwa, sai ya karye. Wani yana lanƙwasuwa ba ya komowa, kamar malalacin bara da aka aika. Abin da a ke nema shi ne mai tanƙwaruwa ya dawo da fushi. A ƙasarmu an san dunɗu da dargaza da wannan hali, can kudu kuma inda gora ke yi, a kan yi da gora. In an ja baka, bayansa, watau gefen da ke duban abin hari, miƙewa ya ke yi, cikinsa kuwa, gefen da ke duban maharbi, matsewa ya ke yi. Itace yana da jijiyoyi da suka bi tsawonsa, kamar zaren da aka ja a saƙa. In gizago ya yanke jijiyoyin bayan nan, ko kuwa akwai gaɓa inda reshe ya taɓa fitowa, to, nan ne zai ɓalle, ko yau ko gobe. Gwanin masassaƙi ba ya taɓa bayan baka sai ɓare ɓawo, daga ciki da gefe ya ke rage nama, kaɗan kaɗan, yana tanƙwarawa yana dubawa.

Kuma ɗanyen itace ba ya baka. A kan sare shi da rani, a ajiye a inuwa, a rataye cikin ɗaki inda hayaƙi ke ratsawa, wata da watanni, wani har shekara ta kewayo. In an shanya shi a rana don sauri, sai ya tsattsage. In an ɗaura masa tsirkiya tun yana da ruwa, sai ya sunkuya ya zauna a sunkuye, ƙarfinsa ya tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo maka ana jibi Salla ya ce a yi masa baka sabo, ka faɗa masa gaskiya, na hawa zai samu, ba na harbi ba.

To, ga labarin tabona. Wata shekara da hunturu na shiga wata kasuwa, ba zan faɗi sunanta ba, na ga baka jingine a wata rumfa, baƙi wuluk yana ƙyalli, an naɗe shi da fata wuri uku. Mai rumfa ya ce na gado ne, kakan wani ya ci yaƙi da shi. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. Har na kai kuɗin ɗan akuya, kana ya ce ya sallama. Ban ja ba, ban gwada ba, kunya ta hana ni, kada a ce ban san baka ba. Na kawo gida ina taƙama. Kwana uku na ɗana kibiya na ja, sai na ji ƙas! Guntun sama ya tashi ya sare ni a gira, jini ya rufe mini ido. Da ya sauka da faɗin yatsa ɗaya, da yau da ido ɗaya na ke duban ku.

Da na warke na kwashi guntayen na kai wa wani tsoho, masassaƙi, wanda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, dubi abin da ya same ni." Ya karɓa, ya sa wuƙa ya kware fatar nan, sai ga gaɓa ƙatuwa a ƙarƙashi, an cusa mata ƙaro. Ya kankari baƙin, sai ga farin itace. Ya sansana, ya ce, "Ɗan nan, wannan bai yi damina biyu da sarewa ba. Shuni ne da hayaƙi da man gyaɗa. Kai da ka saya, ka tambayi wanda ya sassaƙa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Ka ja shi a gaban mai shi?" Na ce, "A'a." Ya ce, "To, ai ba baka ka saya ba, labari ka saya." Na koma wurin mai rumfa, ya ce shi ma haka aka kawo masa, ciniki kuwa ya riga ya faɗa. Ba ni da shaida, ba ni da takarda. Na haƙura.

Abin da tsohon nan ya koya mini daga baya shi zan ba ku, kyauta, ni kuwa da jini na biya. In an miƙo maka baka, kada ka fara da ja. Ka riƙe shi tukuna ka ji nauyinsa, busasshen itace mai kyau yana da nauyi amma ba irin nauyin ruwa ba. Ka ɗaga shi ka bi tsawonsa da ido ɗaya, kamar mai duban gorar mashi, ka gani ko ya murɗe. Tsirkiya ta bi tsakiyarsa daga kai zuwa kai, in ta kauce gefe, zai riƙa juyawa a hannu. Ka bi bayansa da yatsa a hankali, abin da ido bai gani ba yatsa ya kan ji. Ka duba ƙananan huji, ka buga shi a tafin hannu, in gari ya zubo kamar na gero, ƙwaro ya riga ka ciki. Inda duk aka naɗe da fata, in ba wurin riƙo ba ne ko kan baka inda tsirkiya ke zama, ka tambaya me ke ƙarƙashi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wani naɗin na ƙarfafawa ne, an yi shi tun farko, mai shi zai gaya maka. Wani kuwa rufin asiri ne.

Sa'an nan ka roƙi mai shi ya ja da kansa, kai ka koma gefe ka duba. Sama da ƙasa su tanƙwaru tare, kamar jinjirin wata. In wuri ɗaya ya karye kamar gwiwa sauran ya tsaya sanƙam, wurin nan shi ke ɗauke da dukan wahala, ba zai daɗe ba. Bayan wannan kai ma ka ja, da izini, kaɗan, ka sassauta, ka ƙara, kana kasa kunne. Baka lafiyayye ba ya magana. In ka ji ɗan ƙara kamar an taka kara, ka mayar masa da abinsa, ka yi godiya. Abu biyu kuwa kada ka yi da bakan mutum, ko da naka. Kada ka saki tsirkiya ba kibiya a kai, gama ƙarfin da zai tafi da kibiya sai ya koma cikin itacen ya fasa shi. Kada kuma ka ba dogon mutum bakan gajere ya ja iyakar hannunsa. Kowane baka ya saba da jan ubangijinsa. Wanda ya karya bakan wani garin gwaji irin wannan, a ganina shi ke da biya, ko da ya ke na ga an yi gardama a kan haka har gaban mai unguwa.

Kada ka sayi baka ba ka harba shi ba. Ku fita bayan gari, ka auna taku ashirin, ka harba kibiya uku ko biyar. Kibiyarmu ta Hausa ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta waɗansu ƙasashe, nauyin ƙarfen gaba shi ke daidaita ta, don haka ba ta son nisa ƙwarai, kuma ba kowace kibiya ke tafiya da kowane baka ba. Kyauro mai laushi a baka mai ƙarfi sai ya yi ta rawa a sama. In ka samu kibau da suka dace da bakan, ka saye su tare, ko da an ƙara maka kuɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Lokaci ma yana da nasa. Da damina tsirkiyar fata ta kan sha danshi ta saki, baka ya yi sanyi, mai saye ya raina shi a banza. Da hunturu tsirkiya ta kan ɗame, itace ya bushe ƙayau, ya yi ƙarfi kamar abin kirki, amma sa'an nan ne ya fi saurin karyewa. Nawa da hunturu ya tashi. Mai baka ya riƙa shafa masa man shanu ko man kaɗe, ya sassauta tsirkiya in ba harbi za shi ba, ya rataye shi, kada ya jingine a ƙasa inda gara za ta gaishe shi.

Ku masu sayarwa kuma, kada ku ce na zo in ɓata muku kasuwa. Ina da magana a kanku, ina kuma da magana dominku. Wadda ke kanku gajeriya ce, malamai sun riga sun faɗe ta, mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Baka mai aibi kuwa ya fi tsohuwar riga mai aibi, don riga ba ta cire ido. Wadda ke dominku ita ce, kuna sayar da aikinku da araha sabo da ba ku sa masa suna. Ku ji yadda a ke yi a waɗansu ƙasashe.

A Ingila da Amurka da Turkiyya da Japan har yanzu akwai masu sassaƙa baka da hannu, akwai masu saye, su yi musaya, su aika wa juna daga gari zuwa gari, wani ma bai taɓa ganin wani ba. Abin da ya sa cinikin nan ke yiwuwa daga nesa shi ne rubutu da awo. Masassaƙi ya kan rubuta sunansa a jikin bakan, kusa da wurin riƙo, da tsawonsa, da ƙarfinsa. Ƙarfin kuwa da sikeli a ke auna shi. A kafe bakan, a maƙala ƙugiyar sikeli a tsirkiya, a ja har inci 28, abin da sikeli ya nuna shi ne ƙarfinsa, a ce laba 40 ko laba 50. Mai saye tun yana gidansa ya san ko hannunsa zai iya. Mu ma muna da sikelin ƙugiya a kasuwanninmu, irin na masu awon kaya. Amma fa kada wani ya je ya ja bakanmu har inci 28 don ya ji na faɗa. Namu a ja shi gwargwadon tsawon kyauronsa kawai, a rubuta inci nawa aka ja, laba nawa ya nuna. Ku da kuka koyi karatu da girmanku, ga inda zai yi muku rana. Ɗan littafi na aljihu ya isa. Ka rubuta irin itacen, da watan da aka sare shi, da wanda ya sassaƙa, da wanda ya saya, da kuɗin, da sharaɗin da kuka yi, ko kwana bakwai ne na gwaji ko babu. Shaidu biyu su sa hannu. In da dillali, a rubuta la'adarsa tun kafin a ce an sallama. Da ina da irin wannan takarda ran nan, da mai rumfa bai juya mini ƙeya ba.

Turawan Ingila sun taɓa zama 'yan baka na gaske. Wani jirgin yaƙinsu, Mary Rose, ya nutse cikin 1545, aka tsamo shi cikin 1982, aka samu baka 137 lafiyayyu a cikin kayansa, da kibau fiye da 3,500. Amma abin da na ke so ku riƙe daga labarinsu wani ne dabam. Itacen bakansu ya yi musu ƙaranci, har cikin 1472 suka kafa doka, jirgin fatake da ya zo daga ƙasashen da itacen ke yi, sai ya kawo sandan baka huɗu a kan kowane tan na kayansa. Watau itace ya kan ƙare tun gwanaye ba su ƙare ba. Dattawan nan na gaba su faɗa in ƙarya na ke yi, dajin da su ke shiga suna samari tsakanin Gaya da Ajingi, yau ina ya ke? Gona ta ci, gatarin mai itacen wuta ya ci, fari na 1973 da na 1984 suka ƙarasa waɗansu. Dunɗu yana nan, ba ya mutuwa da sauƙi, amma miƙaƙƙen reshe mai kaurin da zai yi baka, wanda aka bari ya shekara da shekaru, shi ne ya yi wuya. Mai gona in yana da dunɗu ko dargaza a kan iyaka, ya bar reshe biyu uku miƙaƙƙu, ya sassabe na gefe. Ba ya cin taki, ba ya neman ban ruwa. Turkawa sun farfaɗo da harbinsu na gargajiya har hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon duniya a 1919 da ɗari, watau 2019, a wasannin Olamfik kuma tun 1972 ba a fasa gasar harbi ba, daga nisan mita 70 su ke harbi yanzu. Ba na ce gobe za a zo Gaya neman baka daga Istanbul ba. Na ce dai abin da mu ke jefarwa bayan ɗaki, waɗansu sun ɗauke nasu sun share masa ƙura.

Wannan ya kawo ni ga tsofaffin bakunkuna na gado. Akwai masu yawo ƙauye ƙauye suna tambayar tsohon takobi, da tsohon sulke, da kwari da baka. Su ba ka abin da ba zai kai ka kasuwa biyu ba, su wuce da shi. Ku sani akwai doka tun 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Kayan aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918, ba a sayar da su sai ga hukumar ko wanda ta yarda masa, ba a kuma fita da su waje sai da takardar izini. In gidanku akwai irin wannan, kuna tsoron gara ko gobara, ku je Gidan Makama a Kano ku yi shawara da ma'aikatansa. In kuwa za ku riƙe abinku, ku riƙe, amma kada a ja shi. Itacen da ya shekara ɗari ya gama aikinsa. Ku sa yaro ya rubuta sunan mai shi da abin da aka sani na labarinsa, a ɗaura a jiki.

Tsohon kwari kuma, ku yi hankali da shi. Mutanen da su kan shafa wa kibiya dafin kwankwani, wanda ke tsai da zuciya, dafin nan kuwa ba ya mutuwa da wuri, ya kan shekara da shekaru yana nan da ransa. Kada ka zura hannu cikin kwarin da ba ka sani ba. Ka zazzage shi a ƙasa, nesa da yara, ka ɗauki kowace kibiya ta gindi. Wadda ka ga baƙin abu ya daskare a wuyanta, ba ta wasa ba ce, ba ta ciniki ba ce. Mai harbin ƙwarya ba ruwansa da dafi, ba ruwansa ma da kunne, kibiya mai tsini kawai ta ishe shi, ta fi sauƙin zarewa.

Saura magana ɗaya, mai nauyi, ita ce ta hanya. Zamanin da mutum zai rataya kwari ya shiga mota ba mai tambaya, ya wuce. An ga amfanin maharba, cikin 2014 suna cikin waɗanda suka taimaki soja aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Amma an kuma ga abin baƙin ciki. A ƙarshen watan Maris 2025, mafarauta 16, yawancinsu mutanen ƙasar Kano, suna dawowa gida daga kudu don yin Salla, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, taron jama'a ya kashe su. Allah ya jiƙansu. Laifin yana wuyan waɗanda suka kashe, ba wani rashin takarda da ya halatta jinin mutum. Duk da haka wanda zai kai baka wani gari, ko Wudil ce ran Juma'a, ya kwance tsirkiya, ya naɗe shi cikin buhu, ya ware kibau dabam, ya riƙe takardar ƙungiyarsa ko ta mai garinsu, in an tsai da shi ya faɗa tun ba a bincika ba. Kada kuma ka sayar wa baƙon da ba wanda ya san shi, ya zo da magariba yana neman kibau talatin masu kunne, ba ya ko tayawa. Ka ce masa ya zo da safe, ku gamu a ƙofar Sarkin Baka. In na kirki ne zai zo.

To, ga baka uku na kawo, suna nan kan tabarma. Ɗaya na dunɗu ne, ɗaya na gora, na ukun kuwa yana da aibi, ni na san inda ya ke, ban kuwa rufe shi da fata ba. Dattawa su yi mini gafara su yi shiru tukuna, samari su matso ɗaya ɗaya su duba, kada kowa ya ja. Wanda ya fara gano aibin, kibau biyar ɗin nan nasa ne. In an gama sai mu fita bayan makaranta, an riga an kafa ƙwarya, Sarkin Baka shi zai fara.